Ƙasar Laka da Malaman Samaru

Duk wanda ya san kudancin ƙasar Katsina, wato yankin da magabata suke kira Katsina Laka saboda nauyin ƙasarsa da yalwar damininsa, ya san cewa ilmi ya daɗe da zama a cikinsa, domin 'Yandoto, wadda take kusa da Tsafe ba nisa da ƙasar Faskari, ta shahara da malamai da almajiran da suke zuwa daga nesa neman fiƙihu da nahawu tun gabanin jihadin 1804. Amma akwai wani nau'in ilmi da ya shigo daga baya, wanda hujjarsa take fitowa daga awo da gwaji da maimaita gwaji, shi ne binciken da masana na jami'a suke yi. Kuma ko da yake ba a gina jami'a a Kankara ko Faskari ko Sabuwa ba, ƙasarsu da amfanin gonarsu da labarun bakin dattawansu sun shiga cikin kundayen Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya fiye da yadda galibin mutanen wurin suke tsammani.

Asalin al'amarin auduga ce. Turawan mulki suna bukatar ta domin masaƙun Ingila, saboda haka a 1912 suka shigo da irin da ake kira Alan, wanda asalinsa daga Amurka ne, a 1922 kuma suka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da aka ɗora jami'ar a kansu lokacin da aka buɗe ta ranar 4 ga Oktoba 1962, Sardaunan Sakkwato yana uban jami'a na farko. Irin da aka tace a Samaru kuwa ba ya wadatar da manoman Arewa sai an riɓanya shi, kuma wurin da aka zaɓa domin wannan hidima tun cikin shekarun 1920 shi ne Daudawa ta ƙasar Faskari. Daga gidan gonar Daudawa gurya take fita zuwa ga manoman kewaye, daga gare su a sayi audugar a gurje ta a injin Funtuwa, a ware guryarta a raba ta gaba, shekara bayan shekara, har irin da ake kira Samaru 26C, da 26J da ya gaje shi, suka game lardunan auduga. Babu mai musun cewa maslahar Bature aka fara dubawa, kuma farashin da manomi yake samu a fuloti ba shi ya yanka shi ba. Duk da haka an shimfiɗa hanya wadda abin da malami ya gano a ɗakin gwaji yake bi har ya kai hannun mai garma, kuma wannan hanya ita ce abin da nake ganin ya fi cancantar a tsaya a kansa.

Wata mas'ala ta daɗe tana damun malaman gona, ita ce yadda suke umartar manomi da ya shuka audugarsa da wuri, ita kaɗai a gona, a jere, ya yi mata feshi, shi kuwa ya saurara da ladabi, sa'an nan ya koma ya fara da geronsa da dawarsa, ya yi gicci, ya cusa wake a tsakani, audugar sai ruwa ya yi nisa. Shekaru da dama ana jingina wannan ga jahilci da taurin kai, har lokacin da David Norman, wani masanin tattalin arziki da ya zauna Samaru tun tsakiyar shekarun 1960, shi da abokan aikinsa suka ɗauki wahalar ƙidaya kwanakin aikin da kowane gida yake kashewa a gona, da farko a ƙauyukan Zazzau irin su Ɗan Mahawayi da Doka da Hanwa, daga baya kuma a wajen manoman Daudawa. Abin da bahasin ya tabbatar shi ne manomin yana da hujja ƙwaƙƙwara: a watannin Yuni da Yuli hannu ne yake ƙaranci, ba fili ba, kuma mai iyali ba zai bar noman abincin gidansa domin abin da ba a ci ba; haɗa shuka kuwa yana ba shi riba mafi yawa a kan kowane yini na aiki, yana kuma tsare shi idan damina ta yi gardama. Wannan natija ta fita daga Samaru ta zama ɗaya daga cikin tushen wata mazhaba ta binciken noma da ta bazu a Afirka da wajenta, wadda take shar'anta wa mai bincike ya fara da fahimtar gidan manomi kafin ya ba shi shawara. A ganina babu wata daraja da jami'ar ta samu da ta fi wannan, cewa malamanta sun yarda su koma almajiran talakawa.

Da aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa a 1975 da rancen Bankin Duniya, Kankara da Faskari suna cikin gundumomin da ya ƙunsa, kuma ta dalilinsa takin zamani da masarar da aka inganta a Ibadan suka shiga gonaki, har masara, wadda a da ake shuka ta bayan gida domin gashi, ta zama amfanin da ake lodin buhunansa zuwa kudu. Samaru ta ci gaba da fitar da irin masara da dawa da gyaɗa da wake, ciki har da masu jure wa ƙuduji, har zuwa waken da aka amince da shi a 2019 wanda tsutsa ba ta cin kwansonsa.

Ma'abota tarihi su ma sun taka wannan ƙasa. Shaihun malami Abdullahi Smith ya assasa aikin tattara tarihin Arewa, yana koya wa ɗalibansa su auna riwaya kamar yadda malaman hadisi suke auna isnadi, kuma daga cikinsu aka sami Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda ya zaga garuruwan Katsina da na Maraɗi yana zama da dattawa da masu sarauta, ya kammala kundinsa a 1974, aka buga shi littafi a 1981. Shi ne ya ƙi yarda a taƙaita tarihin Katsina ga rikicin Haɓe da Fulani, ya nuna cewa ƙaura da fatauci da kafuwar garuruwa da tsarin sarauta su ne suka juya al'amura, ta haka kuwa tsoffin wurare irin su Pauwa da Kogo da Maska da Gozaki, waɗanda sunayen wasunsu suke raye har yau a sarautun hakiman yankin, suka sami matsayinsu a cikin labarin. Sai dai da Turanci aka wallafa shi, jikokin waɗanda suka ba da riwayar kuwa kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa riƙe shi a hannu.

Haka nan farar ƙasar Kankara, wadda mata suka san ta wajen shafen ɗaki, ta zama abin nazarin ɗaliban injiniyan sinadarai a Zariya, sun auna ta, sun ƙona ta, sun fitar da alif na tace ruwa daga cikinta, da wani sinadari da matatun mai suke sayowa daga waje da tsada, har sunan Kankara ya shiga mujallun ilmi na ƙasashen da ba su san inda garin yake ba. Amma wannan ilmi bai sami Daudawarsa ba, wato wurin da zai karɓi abin da aka gano ya riɓanya shi ya mai da shi sana'a, saboda haka kundayen suna ajiye a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, masu haƙa kuma suna sayar da ƙasar da arha.

Yau akwai Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya a Dutsin-Ma wadda aka kafa a 2011, kuma 'ya'yan Kankara da Faskari da Sabuwa suna cikin malamansu da ɗalibansu. Abin baƙin ciki shi ne sun tarar da fitinar 'yan bindiga, wadda ta kai ga sace ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Kankara a Disamba 2020, ta kori manoma daga gonakin daji, ta kuma sa tafiyar da Norman da Bala Usman suka yi ƙauye ƙauye, suna kwana inda dare ya yi musu, ta zama abin da mai bincike yake yin shawara da iyalinsa kafin ya ɗaura niyyarsa.