KYAFTIN GLOVER DA SOJOJINSA HAUSAWA

Mu mutanen Nasarawan Doya nesa muke da teku, amma akwai wani sojan ruwa na Ingila da aikinsa ya shafe mu. A wannan 'yar maƙala ina so in kawo wa masu karatu tarihinsa a taƙaice.

An haifi John Glover a 1829, ya kuma shiga sojan ruwa a 1841, yana ɗan shekara 12. A 1857 ya biyo Likita Baikie domin binciken kogin Kwara, sai jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse ya nutse kusa da Jabba. Wannan ya sa ya yi tafiye-tafiye ta ƙasa tsakanin Kwara da Ikko, inda ya haɗu da Hausawa bayi waɗanda suka tsere wa iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa.

Da aka ba shi riƙon Ikko a 1863, irin waɗannan mutane ya tara, ya ba su bindiga da albashi. Da farko su 18 ne kacal. Ana kiransu "Hausawan Glover", kuma daga gare su ne sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. A yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 ya ja su daga bakin kogin Volta har Kumasi. Ya rasu a London a 1885.

Bayan mutuwarsa Turawa suka ci gaba da ɗaukar Hausawa soja. Rundunar da Lugga ya turo ƙarƙashin Kanar Morland, wadda ta tashi daga Zariya a Janairun 1903, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu, hafsoshinta ne Turawa, amma da yawa daga masu riƙe da bindigogin Hausa suke ji.

Sau da yawa mukan kira waɗannan sojoji maciya amana. Ni a ganina, kafin mu yanke musu hukunci, sai mu tambayi kanmu wa ya fara sayar da su. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Cinikin bayi shi ne tsagar da Glover ya gani. Al'ummar da ta wulaƙanta 'ya'yanta, to, ta tanadar wa baƙo mayaƙa.