Bin Sawun Kakanninmu 'Yan Mazan Jiya

A gidaje da yawa, daga Maraɗi da Dogondutsi har zangon Kumasi da Garwa, akan ji ana cewa, "Kakanmu ya yi yaƙin Hitila," ko kuwa, "Ya je Bama." Amma in ka tambaya wace runduna ya bi, wace shekara, ina ya yi faɗa, sai a yi shiru. Mutanen nan kusan duka sun rasu, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun tsufa. Duk da haka sawunsu bai ɓace sarai ba, gama Turawa ba su ɗaukar soja sai sun rubuta shi.

Tambaya ta fari ita ce, tutar wa ya bi? Faransa tana da rundunar da ta kafa a 1857, wadda ake kira da sunan Senegal, ko da yake sojojinta daga dukan Afirka ta Yamma ta Faransa aka kwaso su, har da Nijar. Daga 1919 aka mai da ɗaukar soja abin kowace shekara, aikin shekara uku. Ingila kuma tana da tata rundunar, mai rassa a Nijeriya, da Gwalkwas wadda ta zama Gana, da Saliyo, da Gambiya. Kada mai karatu ya ɗauka garin haihuwa ya isa ya amsa tambayar. Samari da yawa sun ƙetare iyaka don gudun aikin tilas da haraji, suka ƙare a barikin Ingila. Mutumin Tawa yana iya zama sojan Gwalkwas, musamman da yake Hausa ce aka daɗe ana ba da umarni da ita a wannan runduna.

Sa'an nan sai wahalar suna, wadda ta fi kowace. Akawun bariki ya rubuta abin da kunnensa ya ji. Bafaranshe ya rubuta Musa ta wata hanya, Bature ɗan Ingila ta wata, Mahamman ya koma Mamane ko Mama. Da yake babu sunan iyali irin na Turai, sai su liƙa wa mutum sunan garinsu ko na ƙabilarsa. Sojan da tarihi ya ce shi ya fara harba bindiga a rundunar Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙasar Togo cikin Agusta 1914, an san shi da Alhaji Grunshi, Grunshi kuwa sunan ƙabila ne. Ka yi tunanin yawan Musa Kano da Garba Zabarma da ke cikin littattafan nan! A gidajenmu akwai ƙarin matsala. Wanda ya karɓi baftisma bayan ya komo, jikoki sun san shi da Bulus ko Istifanus, sunan da soja ba ta taɓa ji ba. Ya kamata a duba littafin baftisma na ikkilisiyarsa, a kuma tambayi tsofaffi sunansa na yaranta da sunan mahaifinsa. Ranar haihuwa ba ta taimako sosai, domin sau da yawa likita ne ya dubi saurayi ya ƙiyasta shekarunsa.

Saboda haka lambar soja ita ce mabuɗi. Suna yakan sāke, lamba kuwa ta mutum ɗaya ce. Kuma ba a Turai za a fara nemanta ba, a ɗaka ne, cikin tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe: littafin soja, takardar sallama, katin fansho, hoto mai rubutu a bayansa. Ko takarda ta yage, ko gara ta ci rabinta, kada a zubar. A ɗauki hotonta gaba da baya kafin a nuna wa kowa. Lambobin yabo ma sukan yi magana, amma ba duka ba. Na Ingila na yaƙin 1914 zuwa 1918 suna ɗauke da lamba da suna da runduna a hatimce. Na yaƙin 1939 zuwa 1945, har da Tauraron Bama, ba a sa musu suna ba, sai dai su nuna maka inda mai su ya yi yaƙi.

In kakan sojan Faransa ne, hanya ta fi sauƙi. A birnin Pau akwai ma'ajiyar takardun ma'aikatan soja, inda ake riƙe da na sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka. Ana rubuta musu wasiƙa da Faransanci, a ba da suna, da lamba, da shekarar shiga, da inda aka ɗauke shi, tare da shaidar dangantaka. Ofishin tsofaffin sojoji a Yamai ma wurin tambaya ne, don fansho yakan bar sawu. (Maganar fanshon nan mai ɗaci ce: dokar 1959 ta daskarar da kuɗin 'yan Afirka, ba a daidaita shi sosai da na Faransawa ba sai 2011, bayan yawancinsu sun mutu.) Wanda ya faɗi a yaƙi ana nemansa a shafin intanet na Mémoire des hommes, kyauta. A gwada rubuta sunan ta hanyoyi dabam dabam, a kuma tuna Nijar ba ta zama yanki mai gwamnanta ba sai 1922. Waɗanda Jamus ta kama a 1940, yawancinsu a cikin Faransa aka tsare su, takardunsu suna birnin Caen da kuma ofishin Red Cross na Janiba.

Na Ingila ya fi wuya, domin takardun kowane soja a kansa galibi a Afirka aka bar su, da yawa kuwa sun lalace. Wanda ya mutu ana iya samunsa a jerin hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel. A maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai dutsen tunawa mai sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, 'yan Afirka ta Yamma suna ciki. Amma rashin suna a jerin ba ya nuna labarin gida ƙarya ne. A 2021 hukumar da kanta ta yarda cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙi na ɗaya, galibi 'yan Afirka, ba a tuna da su da suna ba.

Ga wanda ya komo da rai, abin da ya fi amfani shi ne sanin bataliyarsa. Kowace bataliya tana da littafin da hafsa yakan rubuta kullum, inda aka kwana, inda aka gamu da abokan gāba, mutum nawa aka rasa. Ana ajiye su a Kew, cikin Landan. Da wuya ka ga sunan farabiti a ciki, amma za ka iya bin tafiyarsa rana rana. In yana cikin Runduna ta 81, wadda aka kafa a 1943, za ka bi shi cikin kwarin Kaladan a 1944, inda babu hanyar mota, jiragen sama ne suke jefo abinci. In ta 82 ce, za ka same shi a Myohaung cikin Janairu 1945, garin da barikoki a Takoradi da Legas suke amsa sunansa har yau. Kuma in tsohon ya ce shi kaya kawai ya ɗauka, kada a rena. Rundunar tana da ƙungiyoyin masu ɗaukar harsashi da abinci a ka, cikin kurmi da tuddai, yawancinsu ba bindiga a hannu. Su ma sojoji ne, kowannensu da lambarsa.