Birnin Madison: Garin da Aka Fara Ginawa a Takarda

Duk ɗalibin Hausa da ya taɓa buɗe ƙamus ɗin Neil Skinner ya san sunan Jami'ar Wiskonsin, inda malamin ya daɗe yana koyar da harshenmu. To amma ƙalilan ne daga cikinmu suka san tarihin garin da jami'ar take, wato Madison, a tsakiyar ƙasar Amurka. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a ɗan waiwayi yadda tsakiyar garin ta kafu, da irin faɗi-tashin da aka sha wajen zirga-zirga a cikinsa.

Asalin wurin dai na ƙabilar Ho-Chunk ne, waɗanda suke kiransa Teejop, ma'ana tafkuna huɗu. An raba su da shi ta hanyar yarjejeniyar 1832. Sa'an nan wani tsohon alƙali, James Doty, ya saye ɗan siririn tudun da ke tsakanin tafkin Mendota da na Monona, ya sa aka zana masa taswirar gari. Cikin 1836, da majalisar yankin ta zauna a Belmont don zaɓen babban birni, sai Doty ya riƙa raba wa wakilai filaye da bargunan fatar ɓauna, ga shi kuwa ana tsananin ɗari. Nan take aka zaɓi Madison, alhali kuwa ko gida ɗaya babu a wurin. A ganina, ko me za a kira wannan kyauta, toshiyar baki ce.

Sai dai taswirar Doty ita ce har yau ƙashin bayan garin. Ya sanya gidan majalisa a kan tudu, hanyoyi suka fita daga jikinsa kamar tsinkayen ƙafar keke. Ginin da ake gani yanzu an yi shi ne daga 1906 zuwa 1917, bayan gobarar 1904 ta cinye na da. Don kada a tare wa mutane ganin ƙubbarsa, doka ta ƙayyade tsawon duk ginin da ke cikin mil ɗaya daga gare shi. Daga nan titin State ya miƙe zuwa jami'a, wadda aka kafa a 1848. A bakin tafkin Monona kuma akwai zauren taro na Monona Terrace. Frank Lloyd Wright ya zana shi tun 1938, aka yi ta jayayya har ya rasu a 1959. Ba a buɗe shi ba sai 1997.

Matsalar sufuri kuwa daga ƙuncin wurin ta samo asali, domin duk mai shiga tsakiyar gari tilas ya bi ta tsakanin ruwa biyu. Jirgin ƙasa ya iso a 1854. An fara taragon cikin gari da alfadarai ke ja a 1884, aka mayar da shi na lantarki a 1892. Cikin Fabrairun 1935 ruwan ƙanƙara ya tsittsinke wayoyinsa, shi ke nan aka koma ga bas. A shekarun 1970, zamanin magajin gari Paul Soglin, aka hana ƙananan motoci bin mafi yawan titin State, aka bar wa masu ƙafa da kekuna da bas.

Abin mamaki shi ne batun jirgin fasinja, wanda ya daina zuwa garin a 1971. Cikin 2010 gwamnatin tarayya ta ware dala miliyan 810 don haɗa Madison da Milwaukee da jirgi mai sauri, amma Scott Walker, wanda ya ci zaɓen gwamna a shekarar, ya ce ɗawainiyar gudanar da shi za ta faɗa wuyan jiha, aka janye kuɗin. Abin da garin ya iya yi wa kansa shi ne bas mai sauri ta lantarki, wadda aka keɓe wa layi a wasu tituna, ta kuma fara aiki a Satumbar 2024.