Shafi na 1 da shafi na 24 maƙwabta ne: tarihin jera shafuka kafin bugu

Ɗan littafin nan da ke hannunka, ɗan'uwa mai karatu, in ka cire ƙarafunan da aka ɗinke shi da su, ka zaro fallen da ke can waje ka shimfiɗa, za ka ga abin da ni ban sani ba sai da ya ci mana kuɗi: shafin farko da shafin ƙarshe a kan falle guda suke, suna maƙwabtaka.

Lokacin da ƙungiyarmu ta shirya fitowarta ta farko, ni aka ɗora wa aikin kai ta wurin fotokofi. Shafi 24 ne. Mun yi karo-karo, wani ya kawo jika, wani ya kawo abin da ya rage masa na kalaci. Na zauna gaban ordinata na jera shafuka biyu-biyu yadda ake karatu: 1 da 2 a gaban falle, 3 da 4 a bayansa, haka har ƙarshe. Mai shago bai ce mini uffan ba, ya buga kwafi 50. Da dare muka taru, muka ninke, muka cusa falle cikin falle. Sai ga littafi ya fara da shafi na 2, ya bi da 3, ya yi tsalle zuwa 6 da 7, sannan 10 da 11. Bangon da muka sha wahalar zanawa ya koma can baya. Waƙar wata ƴar'uwarmu ta tsinke a tsakiya, ta faɗa cikin sharhin wani a kan tsadar hatsi. Ba wanda ya zage ni a daren nan, amma wallahi da zagin aka yi da ya fi mini sauƙi.

Kashegari aka nuna mini wani tsoho a unguwarmu wanda ya yi shekaru yana aiki a wata madaba'a a Yamai. Na kai masa kwafi guda. Ya duba, ya yi dariya har da tari, ya ce: "Ɗana, kai ka jera wa ido, ba ka jera wa ninki ba. Kawo takarda shida." Ya ninke su, ya cusa su cikin juna, ya miƙo mini bik ya ce in rubuta lamba a kowane shafi daga 1 zuwa 24. Da na gama ya warware su. Fallen waje yana ɗauke da 24 da 1 a gaba, 2 da 23 a baya. Na biyun 22 da 3, sai 4 da 21. Na tsakiya 14 da 11, sai 12 da 13. Ya ce: "Tara kowane biyu ka gani." Duk 25 suke bayarwa, wato yawan shafuka a ƙara ɗaya. Na ce: "Baba, wannan aikin yana da suna?" Ya ce a madaba'a amfozisiyon suke ce masa, kuma wanda bai iya shi ba ba a barinsa ya matso kusa da inji. Daga ranar na shiga bin diddigin abin, sai na tarar tarihinsa ya kai tsawon tarihin littafi.

Matsalar ta samo asali ne tun ranar da mutane suka bar naɗe rubutu kamar tabarma suka koma ninke shi. Da zarar ka ninke falle, ka sami warƙa biyu, shafi huɗu, kuma shafukan ba sa bin juna a fuskar fallen. Mai rubutu da hannu bai cika damuwa ba, don yana iya ninkewa tukuna sannan ya bi shafi-shafi da alƙalaminsa. Mai bugu kuwa dole ya danna tawada a kan takarda tana shimfiɗe, kafin ninki. Saboda haka sai ya san inda kowane shafi zai faɗa tun bai fara ba.

Wajen shekarar 1455 Gutanbag ya kammala buga Baibul ɗinsa a birnin Mayans na ƙasar Jamus, mai layi 42 a shafi, shafuka sama da 1,200. Ninki ɗaya ake yi wa fallensa, kuma yawanci falle 5 ake cusawa cikin juna su ba da shafi 20. Ke nan shafi na 1 da na 20 falle guda suka haɗa, kamar dai namu. Irin wannan ɗauri na takardun da aka ninke tare, Faransawa masu bugu suna ce masa kaye, kalmar nan dai da muka sani tun muna lakwal.

Ba a daɗe ba aka gane cewa babban falle zai iya ɗaukar shafuka da yawa a bugu guda. Ninki ɗaya shi ne foliyo, shafi 4. Ninki biyu kwarto, shafi 8. Ninki uku oktabo, shafi 16. A 1501, a birnin Banis na Italiya, Aldus Manutius ya fitar da waƙoƙin Birjil a girman oktabo, littafin da mutum zai riƙe da hannu guda ya yi tafiya da shi. Amma sauƙin da mai karatu ya samu, nauyi ne ya hau kan ma'aikaci. A oktabo, fuska guda ta falle tana ɗauke da shafi na 1, 4, 5, 8, 9, 12, 13 da 16, ɗaya fuskar kuma sauran takwas ɗin. Huɗu suna tsaye, huɗu kansu a ƙasa, kai da kai. Ƙari a kan haka, haruffan dalma a juye suke kamar a madubi, abin da ke dama a kan dutse hagu zai fito a takarda. In aka sauya wa shafi guda wuri, to duk takardun da aka buga a ranar sun zama na ƙunshin ƙosai.

Kayan aikin ba su da yawa, kuma sun yi shekaru ɗaruruwa ba su canja ba. Akwai babban dutse shimfiɗaɗɗe, sumul, inda ake jera shafukan dalma. Akwai firam na ƙarfe da ake kewaye su da shi, da guntayen katako da ake sawa tsakanin shafuka don su ba da farin gefe da wurin ninki, da ƴan itatuwa masu tsini da ake bugawa da guduma har komai ya matse, a ɗaga firam ɗin ko harafi guda bai zube ba. Faransawa suna kiran dutsen marbur, kuma har yau a gidajen jaridunsu in an gama shirya labari yana jiran fita, sai su ce yana kan marbur, alhali dutsen ya daɗe da ɓacewa. Da farko ilimin jerin daga bakin maigida zuwa kunnen yaron shago yake tafiya. Daga baya aka fara rubuta shi da zane-zane: Joseph Moxon a Landan a 1683, sai Martin-Dominique Fertel a Faransa a 1723. Zanen nasu ba shi da bambanci da abin da tsohon nan ya sa na yi da bik.

Bayan bugu akwai saura, don mai ɗinki, wanda sau da yawa bai iya harshen littafin ba, shi zai tattara kaye-kayen. Sai aka riƙa buga masa alama a ƙasan shafi, harafi da lamba, A, A2, A3, sannan B. Johann Koelhoff na birnin Kolon ne ake ambata a matsayin wanda ya fara buga wannan alamar a 1472. Wata dabarar ita ce a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a gindin wanda ake ciki. Nan ne na tuna da gafakar kakana. Littattafan malamanmu, daga Tumbutu zuwa Agadas zuwa Kano, ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a cikin fata, don almajirai su rarraba su kwafa. Abin da ke tsare jerinsu shi ne wannan kalma guda da ke maƙale a ƙasan warƙa. Ina yaro na sha ganinta, na zaci kuskuren marubuci ne. Ashe ita ke riƙe da littafin. Turawa masu bugu ma sun yi amfani da ita har cikin ƙarni na 18.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin tarihin nan shi ne yadda jerin shafuka ke taɓa rubutun kansa. A 1623, shekara 7 bayan rasuwar Shekisfiya, aka tara wasanninsa 36 aka buga a Landan. Falle 3 ake cusawa cikin juna, shafi 12 a kaye guda. Da za a bi shafuka a jere, sai an haɗa shafi 7 kafin a iya buga ko fuska guda, haruffan dalma kuwa tsada gare su, ba su wadatar ba. Sai ma'aikatan suka riƙa ƙiyasta rubutun hannu tun farko, su ce daga nan zuwa nan shi zai cika shafi kaza. Su fara da 6 da 7 na tsakiya, su buga, su warware haruffan, su yi ta fitowa waje har 1 da 12. To ƙiyasi ba ya rasa kuskure. In wuri ya ƙare, sai a matse layuka, wani lokaci a mayar da baitin waƙa zube don ya shiga. In wuri ya yi saura, sai a tsattsaga layi a miƙe shi. Charlton Hinman ne ya fito da wannan fili a 1963, bayan ya gwada kwafi fiye da 50 shafi da shafi a wani ɗakin karatu na Washinton. Ka ga wasu abubuwan da ake gani a shafin babban marubuci, ba shi ya zaɓe su ba, ƙarancin wuri ne ya zaɓa.

Ninkin yana bin littafi har gida. A Faransa, har tsakiyar ƙarni na 20 ana sayar da littattafai ba a yanke bakinsu ba, mai karatu ne zai sa wuƙar takarda ya tsaga ninkin yana tafe yana buɗewa. In ka tarar da irin wannan littafi shafukansa a manne, ka san mai shi bai karanta ba, ko me ya faɗa maka.

Da bugun ofset ya kori dalma a ƙarni na 20, dutse ya koma teburin gilashi mai fitila a ƙasa. Ma'aikaci yana yanka fim ɗin shafuka, yana liƙa su a kan babban falle, kowanne a mazauninsa, kafin a ɗauki hotonsu a farantin bugu. Wannan shi ne zamanin da tsohon unguwarmu ya yi aiki, ya ce har yanzu idonsa bai yafe wa fitilar nan ba. A 1985 aka fitar da PageMaker, kamfanin da ya yi shi kuwa sunansa Aldus, don tunawa da mutumin Banis. A 1993 PDF ya zo. Yau ordinata ke yin lissafin cikin ƙiftawar ido, har tana kula da abin da ido bai cika gani ba: in falle sun yi yawa cikin juna, na tsakiya suna turo baki waje, sai a ɗan matsar da rubutunsu ciki don kada wuƙa ta ci shi. Ita kanta takardar A4 da muke saye, mai milimita 210 da 297, daga ma'aunin da Jamus ta kafa a 1922 ta fito, an yi ta yadda in ka ninke ta biyu siffarta ba ta canjawa. Shi ya sa A4 ke ba mu A5 ba tare da asarar ko tsinke ba.

Amma duk wannan ci-gaba bai soke dokar ninki ba. Littafin da aka ɗinke a tsakiya dole shafukansa su rabu da 4. Babu littafi mai shafi 25, ko dai 24 ko 28, kuma falle guda da aka ƙara, sau 50 za a biya shi. A fitowarmu ta biyu rubutu ya kai shafi 25. Muka zauna muna duban juna. Aka ce a rage girman haruffa, aka ce a cire zane, daga ƙarshe aka datse sakin layi biyu daga rubutun wani ɗan'uwanmu da bai zo taron ba. Ya ga littafin, bai yi magana ba, bai kuma sake kawo mana rubutu ba sai bayan wata shida. Mun yi masa abin da aka yi wa Shekisfiya, sai dai shi yana raye.

Shi ya sa nake ba ƴan'uwa na sauran ƙungiyoyi, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, shawara guda biyu da na saya da tsada. Kafin ku kai komai wurin fotokofi, ku ninke farar takarda ku sa lamba, ku warware ku gani, ko da ordinata ta ce ta iya. Ku buga kwafi ɗaya tak, ku ninke, mutum biyu su karanta daga bango zuwa bango. Na biyu, ku ƙirga shafuka tun ranar da kuke karɓar rubutu, kowa ya san wurin da aka ba shi, in kuma datsewa ta zama dole, a kira mai rubutun ya datse da hannunsa.

Kwafi 50 ɗin nan da suka lalace suna nan ƙarƙashin gadona. Ina yin lissafi a gefensu, in sabon ɗan ƙungiya ya zo kuma, nakan ba shi guda in ce ya karanta ya faɗa mini abin da ya faru. Wanda ya gano da kansa, shi muke ba aikin jera fitowa ta gaba.