Yadda aka gano abin da ke sa biri kashe jariri

Duk mai kiwo a Araba, bakin iyakar Illela da Birnin Ƙonni, ya san akuyar da ke ƙin ɗanta. Jar akuyar Sakkwato kan haifi biyu, amma idan bazara ta tsananta, nono ya ja baya, sai ta tunkuɗe ɗaya, dole uwargida ta riƙe mata ƙafa kafin ya samu ya sha. Makiyaya sun daɗe da sanin wannan. Masana namun dawa kuwa sun sha gardama kafin su yarda cewa dabba ta ƙi jariri ko ta kashe shi yana da dalili.

A 1965 Yukimaru Sugiyama, ɗan Japan, ya ba da labarin birai langur a Dharwar ta Indiya: baƙon namiji ya ƙwace garke, ya bi jarirai yana kashewa. Da yawa suka ce cunkoso ne ya haukata su. Sai Sarah Hrdy 'yar Amurka ta tare a Dutsen Abu daga 1971, kuma a littafinta na 1977 ta nuna cewa mace mai shayarwa ba ta ɗaukar ciki, in jaririn ya mutu sai ta koma barbara da wuri, sabon namijin ya samu nasa 'ya'yan. An ga haka ga zakunan Serengeti a Tanzaniya.

Tamarin ne ya zo da abin da ya fi ɗaure kai. Ɗan ƙaramin biri ne na dajin Amazon, nauyinsa kusan rabin kilo, kuma yawanci tagwaye yake haifa. Uwa ba ta iya goyon su ita kaɗai. Mazan garke ne ke yawo da su a baya, su miƙo mata lokacin shan nono. A 2011 Laurence Culot da abokan aikinta suka wallafa abin da suka gani a tashar bincike ta Quebrada Blanco a Peru: uwa da kanta ta cije kan jaririnta, kuma da alama ita ce ta kashe shi.

Abin akwai tausayi, amma ba mugunta ba ce. Lissafin su Culot ya nuna inda masu goyo suka kai maza uku, kashi 75 cikin 100 na jarirai ke rayuwa. Inda ba su kai ba, adadin bai kai rabi ba. Haɗarin yakan ƙaru idan mata biyu suka haihu kusa da juna a garke ɗaya, masu goyon suka rabu biyu.