Immanuwel: Sunan da Aka Raɗa Cikin Fargabar Yaƙi

Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Rezin na Dimashƙu da Sarki Feka na Isra'ila suka yi wa Urushalima ƙawanya, domin Ahaz, sarkin Yahuza, ya ƙi shiga ƙawancensu na yaƙar daular Assuriya. Cikin wannan firgici Annabi Ishaya ya ba Ahaz alama: wata matashiya za ta haifi ɗa mai suna Immanuwel, kuma kafin yaron ya mallaki hankalinsa, ƙasashen maharan za su zama kufai.

Sunan na Ibraniyanci ne: "immanu", tare da mu, "El", Allah. Ahaz bai natsu ba, ya aika wa Assuriya zinariya da azurfa yana neman ɗauki. Dimashƙu ta faɗi a 732, Yahuza kuwa ta koma biyan gandu.

Daga baya fassarar Girkanci ta kira matashiyar budurwa, Linjilar Matiyu ta danganta annabcin da haihuwar Isa, malaman Yahudawa kuma suka tsaya kan zamanin Ahaz. Ta hanyar Kiristanci sunan ya bazu: Manuel a Fotugal, Emmanuel a Faransa da Najeriya.