Algaita

algaita (suna, mace, jam'i: algaitu). Daga Larabci. Abin busa na sarauta, da ake busa wa sarakuna da hakimai ranar hawan salla ko naɗi, kamar yadda ake yi a ƙasar Sakkwato, har da Bodinga da Shagari. Jikinta itace ne da aka rarake aka lulluɓe da fata, da ramukan yatsu, da bututun ƙarfe a sama inda ake soka ɗan haki mai harshe biyu. Mai algaita yana cika kumatu da iska, yana shaƙar wata ta hanci, sautin bai yanke ba.

Riƙonta sai da kula. Hunturu ne babban abokin gabarta: itacen yakan bushe ya tsage, iska ta riƙa zurarewa, murya ta dushe. Shi ya sa ake shafa mata mai, a ajiye ta cikin jaka nesa da rana da gara. Fata ta saki, baduku ya sake ɗinke ta. Ƙarfe ya lanƙwashe, sai maƙeri. Hakin kuwa ba ya daɗewa, mabushi ne ke yanka sabo, ya jiƙa shi kafin busa. Tsohuwar algaita ta gado ta cancanci wannan wahala.

Kwatanta da abin busa saksofon, wanda Adolphe Sax na Beljiyam ya yi wa rajista a 1846. Shi harshe ɗaya gare shi, ba biyu ba kamar algaita.

Misali: "Baba, algaitar nan ta tsage, a kai wa baduku?"